Ƙananan RNA da Garkuwar Jikin Dattawanmu

Duk wanda yake zaune da dattijo a gida ya san yadda hunturu yake zuwar mana a Kaduna. Mura ɗaya ce za ta shigo gidan, wataƙila jika ne ya kwaso ta a makaranta. Yaron zai yi ta atishawa da jan majina, kafin mako ya zagayo ya koma wurin ƙwallonsa. Uwarsa za ta sha shayi mai citta da kanumfari ta miƙe. Idan kuwa ta faɗa kan Baba ko Hajiya Kaka, sai tarin ya gangara ƙirji, numfashi ya fara sarƙewa, daga ƙarshe a tsayar da keke napep a nufi Barau Dikko ko asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada. Ka tambayi mutanen gida dalili, amsar kowa ɗaya ce: jiki ya tsufa, garkuwa ta yi rauni.

Amsar tana da gaskiya, sai dai ba ta cika ba. A jikin tsoho abubuwa biyu ne suke tafiya tare, kuma kamar sun saɓa wa juna. Sojojin jikinsa suna nawa wajen gane baƙuwar cuta, allurar rigakafi ma ba ta kama shi kamar yadda take kama saurayi. A lokaci guda kuma jininsa cike yake da sinadaran kumburi, irin su IL-6, ko da ba shi da wani ciwo da ake gani. Wani masani ɗan Italiya, Claudio Franceschi, shi ya fito da wannan batu fili a shekarar 2000, ya nuna cewa tsufa yana tafe da wani kumburi mai ci a hankali wanda ba ya mutuwa. To yaya garkuwa ɗaya za ta zama mai sanyin jiki a gaban abokin gaba, kuma mai zafin kai a cikin gida? Inda rauni ne kawai, da ba a ga na biyun ba. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne saitin ne ya goce, kuma cikin masu riƙe da wannan saiti akwai wasu 'yan mitsi-mitsin sinadarai da ake kira maikuro-RNA, ko ƙananan RNA.

Kusan kowace ƙwayar jikinmu tana ɗauke da DNA iri ɗaya, mai ƙunshe da umarnin ƙera furotin kusan 20,000. Ƙwayar ido da ta hanta da farar ƙwayar jini duk kundi ɗaya suke da shi. Bambancinsu yana ga wane umarni aka zartar, kuma har sau nawa. A ɗauki shagon ƙira a kasuwar Panteka. Maigida yana da kundin zanen duk abin da shagon yake iya ƙerawa, kuma kundin ba ya fita daga ofis. Idan za a yi injin niƙa, sai a kwafi shafinsa a 'yar takarda a ba yaro ya kai wa maƙeri. Kundin shi ne DNA, takardar ita ce RNA ɗan aike, abin da aka ƙera kuma shi ne furotin. Ƙaramin RNA shi ne mutumin da yake tsaye tsakanin ofis da maƙera da wata alama a hannunsa, duk takardar da ta yi daidai da alamar sai ya riƙe ta ko ya yaga. Ba kasafai yake tsayar da aiki ɗungurungum ba. Ragewa yake yi, yadda kayan da za a ƙera ba za su wuce kima ba.

Tsawon ƙaramin RNA kusan haruffan gado 22 ne, wato 'yan tubalan da ake rubuta saƙon da su, alhali RNA ɗan aike yakan kai dubbai. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka gano shi a 1993, a jikin wata tsutsa da tsawonta yake kusan milimita 1. Shekaru da dama masana suna ɗaukar abin a matsayin wata al'ada ta tsutsa kawai, har zuwa 2000 da Ruvkun ya gano wani mai suna let-7, aka kuma tarar da irinsa a jikin ƙuda da kifi da ɗan Adam. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A yau an san jikin mutum yana da irinsu sama da 1,000, guda ɗaya yana iya taɓa ɗaruruwan saƙonni, kuma fiye da rabin umarnin ƙera furotin ɗinmu suna ƙarƙashin sa idonsu. A 2024 aka ba mutanen biyu kyautar Nobel ta fannin likitanci.

Sojojin jiki kuwa asalinsu ɓargo ne. A cikinsa akwai iyayen ƙwayoyin jini, waɗanda suke haifar da biliyoyin sababbin ƙwayoyi kowace rana. Daga uwa ɗaya hanya take rabuwa biyu. Reshe ɗaya yana fitar da masu kai ɗauki na gaggawa, waɗanda suke afka wa duk abin da ba su yarda da shi ba, su ne kuma masu hura kumburi. Ɗaya reshen yana fitar da ƙwayoyin B masu haɗa sinadaran kariya, da ƙwayoyin T masu gane abokin gaba da kamanninsa, su haddace shi shekara da shekaru. Rigakafi da waɗannan na biyun ya dogara. Su ƙwayoyin T ba a ɓargo suke ƙarasa girma ba, sai sun je wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimus, wadda Jacques Miller ya gano amfaninta a 1961. A can ake tantance su: wadda ba ta ji sosai a zubar da ita, wadda take neman far wa jikin mai ita ita ma a zubar.

A kowace mararraba ta wannan tafiya akwai ƙaramin RNA a tsaye. Masu bincike sun tabbatar da haka ta hanyar cire wa ɓeraye wani sinadari mai suna Dicer, wanda shi yake yanka ƙananan RNA zuwa girman aikinsu. Da aka cire shi a zuriyar ƙwayoyin B, sai girmansu ya tsaya cak tun a matakin farko. A taimus kuma yawan ƙwayoyin T ya zube. Tun a 2004 wani aiki da ya fito daga ɗakunan binciken Harvey Lodish da David Bartel a Amurka ya nuna cewa idan aka ƙara wani ƙaramin RNA mai suna miR-181 a iyayen ƙwayoyin jini, sai su karkata ga haifar da ƙwayoyin B.

Abin da ya fi burge ni a wannan fage shi ne cewa ɓargo ya san shekarun mai shi, kuma let-7 ɗin nan na tsutsa yana cikin masu faɗa masa. Ɗan tayi a ciki yana da wani furotin, Lin28b, wanda yake danne let-7. Bayan haihuwa sai Lin28b ya ja baya, let-7 ya taso, ɓargo ya daina yin irin sojojin jarirai ya koma yin na manya. A 2012 ƙungiyar Stefan Muljo a Amurka ta mayar da Lin28b cikin ɓargon babban ɓera, sai ga shi yana haifar da ƙwayoyin da ba a saba gani ba sai daga ɗan tayi. Mu da muke fama da sikila a gidajenmu wannan ya shafe mu ta wata fuska, domin wannan saitin dai yana da hannu a sauyawar jinin jariri zuwa jinin manya, sauyin da daga bayansa ne ciwon sikila yake fara nuna kansa a jikin yaro.

Idan shekaru suka ja, abubuwa biyu ne suke faruwa a tushe. Taimus tana fara ƙanƙancewa tun mutum yana yaro, kitse yana maye gurbinta, har ya zama ɗan shekara 70 sababbin ƙwayoyin T da yake samu daga gare ta kaɗan ne ƙwarai. Ɓargo kuma yana karkata ga reshen masu kumburi, yana rage reshen masu haddacewa. Waɗannan an daɗe da saninsu. Sabon abu shi ne gano cewa ƙwayoyin T da suka rage wa tsoho su ma ba kamar na saurayi suke ba, kuma a nan ne labarin miR-181a ya shigo, wanda a ganina shi ne mafi ƙarfin hujja a duk wannan fanni, domin a jinin mutane aka gan shi.

Ƙwayar T tana da wani abu a fatarta da take taɓa ɓurɓushin ƙwayar cuta da shi. Da ta taɓa, sai saƙo ya ratsa cikinta yana cewa ta farka ta hayayyafa. Amma a cikinta akwai wasu furotin da aikinsu shi ne kashe wannan saƙo, don kada ta riƙa zabura a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ɗaya daga cikinsu sunansa DUSP6. A 2007 masana a Jami'ar Stanford suka nuna cewa miR-181a shi yake rage yawan waɗannan masu kashe saƙo. Idan yana da yawa, ƙwayar T tana jin ko da ɗan motsi ne. Idan ya ragu, sai an yi mata da ƙarfi. Bayan shekara 5, a 2012, Jörg Goronzy da Cornelia Weyand, su ma a Stanford, suka ɗebi jinin matasa da na tsofaffi, suka ware ƙwayoyin T da ba su taɓa haɗuwa da cuta ba, suka gwada. A na tsofaffi miR-181a ya yi ƙasa, DUSP6 ya yi sama, saƙon farkawa kuma yana mutuwa a hanya. Sai suka ɗauki waɗannan ƙwayoyi na tsofaffi a cikin kwanon gwaji, wasu suka ƙara musu miR-181a, wasu suka toshe musu DUSP6. Amsawarsu ta inganta. Wato ƙwayar ba ta lalace ba, kayan aikinta suna nan, abin da ya hana ta ji abu ne da ake iya taɓawa.

A kula da abin da wannan yake nufi ga dattijon da ya je sansanin alhazai na Mando aka yi masa allurar sanƙarau tare da ɗansa. Kwalba ɗaya, ma'aikaciyar jinya ɗaya, amma cikin ƙwayoyin da za su amsa kiran allurar a jikin uban, masu kama saƙon da ƙarfi ne kawai za su tashi, masu kama shi sama-sama kuwa za su yi shiru. Rundunar da za ta fito ta fi ta ɗan ƙanƙanta.

Ba duka ƙananan RNA ne suke raguwa ba. Ƙungiyar Goronzy ta sake nunawa a 2018 cewa miR-21 ƙaruwa yake yi a ƙwayoyin T na tsofaffi, kuma yawansa yana tura ƙwayar da ta farka ta zama mai yaƙin yau ta mutu gobe, maimakon ta zama mai haddace cutar don gaba. Wannan yana iya zama ɗaya daga cikin dalilan da suka sa kariyar rigakafi takan yi saurin dusashewa a jikin manya. A 2010 kuma masana a ƙasar Ostiriya sun ga wasu ƙananan RNA 'yan gida ɗaya, irin su miR-17 da miR-20a, suna raguwa a ƙwayoyin mutane iri-iri idan sun tsufa.

Ɓangaren kumburi yana da nasa mai tsaro, miR-146a, wanda ɗakin binciken David Baltimore a Kalifoniya ya bayyana aikinsa a 2006. Tsarinsa abin sha'awa ne: saƙon da yake kunna kumburi shi ne kuma yake sa a ƙera miR-146a, shi kuma ya juyo ya rage furotin biyu, TRAF6 da IRAK1, waɗanda saƙon yake bi ta kansu. Kumburi yana tashi tare da abin da zai kwantar da shi. A 2011 suka samar da ɓerayen da ba su da miR-146a ko kaɗan. Suna ƙanana lafiyarsu ƙalau. Da watanni suka tura sai saifarsu ta kumbura, ɓargonsu ya cika da reshen masu kumburi, iyayen ƙwayoyin jininsu suka gaji tun lokaci bai yi ba, wasunsu suka kamu da sankarar jini. Kusan duk abin da ake gani a ɓargon tsoho ya bayyana a jikinsu da wuri. Masu bincike a Kanada sun ƙara da cewa, a 2020, ko a ɓera lafiyayye miR-146a yana raguwa a iyayen ƙwayoyin jini idan ya tsufa. Yana da abokin tafiya, miR-155, mai hura wuta maimakon kashewa. Shi ma ba a iya yi ba shi, domin ɓeran da aka cire masa shi rigakafi ba ya kama shi yadda ya kamata. Amma idan miR-146a ba ya nan, miR-155 yana cikin masu tsawaita kumburin. Lafiya tana ga daidaiton su biyun.

Likitocin jini sun san wannan ta wata hanya mai ɗaci. Wata sankarar fararen ƙwayoyin jini da ake kira CLL, wadda galibi tsofaffi take kamawa, ita ce cutar daji ta farko da aka danganta da ƙananan RNA: a 2002 George Calin da Carlo Croce suka gano cewa a mafi yawan masu ita, miR-15 da miR-16 sun ɓace ko sun yi ƙasa ƙwarai.

Duk da wannan, ina ganin wajibi ne a ja wa kai linzami. Yawancin gwajin da ake cire abu a ga me zai biyo baya a kan ɓeraye ake yin sa, kuma ɓera ba mutum ba ne. Ɓera yana dogara da taimus ɗinsa har tsufa wajen samun sababbin ƙwayoyin T, shi kuwa babban mutum yawancin nasa daga rabuwar waɗanda yake da su tun ƙuruciya suke fitowa. Sannan ƙaramin RNA ɗaya yana iya raguwa a wannan ƙwaya ya ƙaru a waccan, kamar yadda aka ga miR-146a ya yi yawa a wasu ƙwayoyin tsofaffin ɓeraye alhali ya yi ƙasa a ɓargonsu. Akwai kuma tambayar wane ne ya riga wani: raguwar ƙaramin RNA ce ta jawo kumburin, ko kumburin shekara da shekaru ne ya gajiyar da shi? Alamu sun fi nuna cewa kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa.

Batun mayar da wannan ilimi magani ya fi komai wuya, saboda dalilin da ya sa ƙananan RNA suke da ƙarfi shi ne ya sa suke da haɗari: guda ɗaya yana taɓa ɗaruruwan saƙonni a gaɓoɓi daban-daban. An gwada wani magani mai suna MRX34, kwaikwayon miR-34a, a kan masu cutar daji, aka tsayar da gwajin a 2016 bayan garkuwar jikin wasu majiyyata ta yi mummunan bore har aka rasa rayuka. Shi kansa miR-181a, idan aka ɗaga shi fiye da kima, ƙwayar T za ta iya fara jin jikin mai ita a matsayin abokin gaba. Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ji mai mota da lasifika a bakin tasha yana rantsuwa cewa ruwan da ke cikin jarkarsa yana ƙara garkuwar jiki, ko na ga irin wannan talla a Facebook da WhatsApp an yi mata ado da kalmomin kimiyya. Na ga wata baiwar Allah ta ƙirga kuɗin da ya isa sayen maganin hawan jini na wata guda ta miƙa, tana cewa, "Malam, na mahaifina ne, Allah ya sa a dace." Niyyarta kyakkyawa ce, ita aka cuta. Garkuwar tsoho wani sashe nata ƙari yake so, wani sashe kuma ragi, kuma babu jarkar da ta san bambancin.

Abin da aka tabbatar yana aiki bai dogara da sabon magani ba. Tunda ƙwayar T ta tsoho tana nan da ranta, ƙara mata ƙarfin kira yakan tashe ta. A kan haka aka yi allurar mura ta 'yan shekara 65 zuwa sama, mai ninki 4 na sinadarin da ke cikin ta kowa, wadda Amurka ta amince da ita a 2009. Haka kuma allurar Shingrix ta 2017, ta cutar nan mai fito da ƙuraje masu zafi kamar wuta a gefe ɗaya na jiki, wadda ƙwayar ƙarambau da ta kwanta tun yarinta take tayarwa: an haɗa ta da sinadari mai zaburar da garkuwa, ta ba da kariyar kusan kashi 90 cikin 100 har ga waɗanda suka haura 70. Motsa jiki ma yana da nasa. A 2018 masana a Birmingham ta Ingila sun duba mahaya keke 125 masu shekaru 55 zuwa 79, suka tarar alamun aikin taimus ɗinsu sun fi na tsaransu marasa motsi, har sun yi kusa da na matasa. Binciken bai tabbatar da cewa keken ne kaɗai sanadi ba, amma ya isa ya sa mu sake tunani kafin mu ce wa Baba ya ajiye kekensa ko ya daina taka ƙafa zuwa masallaci don wai ya huta. Riƙe ciwon suga da kyau, da kai tsoho asibiti tun tari bai sauka ƙirji ba, suna cikin wannan sahu.

Damuwata ta ƙarshe ta gida ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2050 masu shekara 60 zuwa sama za su kai biliyan 2.1, kuma kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi za su kasance. Amma duk binciken da na ambata a jinin mutanen Amurka da Turai aka yi shi, ko a ɓerayen da aka raina cikin keji mai tsabta. Dattijon Rigasa ko na Kajuru garkuwarsa ta yi shekara 70 tana kokawa da zazzaɓin cizon sauro duk damina, da tsutsar ciki, da tarin fuka a maƙwabta, da ƙwayar cutar CMV wadda kusan kowane yaro a Afirka yake ɗauka tun yana ƙarami, wadda kuma aka san tana cinye wa ƙwayoyin T wuri har ƙarshen rayuwa. Ba dole ne saitin ƙananan RNA ɗinsa a shekara 60 ya yi daidai da na Ba'amurke mai shekara 60 ba. Idan aka zo tsara allurar tsofaffi ko ma'aunin tsufan garkuwa da alƙaluman wasu, mu za a yi wa ɗinkin da ba a auna mu ba.

Aikin kuma bai fi ƙarfinmu ba. Ƙananan RNA suna da juriya, suna daɗewa a ruwan jini ba su lalace ba, kuma ana auna su da na'urar PCR, irin wadda ɗakunan gwaji a Kaduna da Zariya suka yi aiki da ita lokacin korona. Muna da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, muna da Barau Dikko na Jami'ar Jihar Kaduna, muna da ɗaliban digiri na biyu da na uku masu neman abin bincike. Abin da zai ci kuɗi shi ne sinadaran gwaji da firjin da wutarsa ba ta ɗaukewa. Maniyyata kuwa duk shekara suna zuwa a yi musu allura, matasa da tsofaffi, a wuri ɗaya kuma a lokaci ɗaya. Da izininsu da na kwamitin ɗa'ar bincike, za a iya ɗibar jini kafin allura da kuma bayan wata guda, a auna miR-181a da miR-21 a ƙwayoyin T ɗinsu, a auna sinadaran kariyar da jiki ya haɗa, a ga ko abin da aka gani a Stanford haka yake a jikin iyayenmu.